Fitsarin Mota

Shekarar babban farin nan ina gyaran kilim, wato na'urar sanyin mota, a wani gareji bakin hanya a Agiye. Aikin ba yawa. Wa ke da motar sanyi a lokacin? Sai ma'aikatan buro, wato ofis, da masu rabon tsaba.

Akwai wani Bafulatani, abokina, daga wajen Gazawa. Ranar kasuwa a garejinmu yake ajiye sandarsa da gorarsa. Kaɗo yake kirana, yadda Fulani ke kiran Bahaushe, ni in ce mishi mai warin nono. Ya taɓa ganin ruwa na ɗiga ƙarƙashin motar da na gyara, ya ce ashe ita ma tana fitsari kamar saniya. Na gaya mishi laimar da ke cikin iska ce kilim ke tarawa, sai damina ta matso take yin haka da yawa. Ya riƙe maganar.

Shekarar nan lokacin shuka ya wuce, sama fayau. Shanunsa sun faɗi, saura 'yan kaɗan da ake ɗagawa da wutsiya kowace safiya. Danginsa duk sun yi kudu, shi ya ƙi, don kabarin uwarsa na nan.

Ya zo ya tarar an kawo mini motar masu rabon tsaba, kilim ya mutu.

"Kaɗo, gyara ta," in ji shi. "In ta yi fitsari ina nan. In ba ta yi ba, gobe in tsallaka iyaka."

Ban taɓa yin aiki a hankali kamar ranar ba. Na kwance tiyo, na wanke cikinsa har baƙin mai ya daina fitowa, na hura, na ɗaure, na zuƙe iska, na ɗura gas. Sanyi ya kama, direba har yana murza hannu. Muka tsuguna mu biyu muna leƙen ƙarƙashin mota, injin na aiki. Ƙasa ta tsaya a bushe. Na sa yatsa a bakin tiyon da ruwan ke ɗigowa ta cikinsa, ko ya toshe. Bai toshe ba.

Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ce saniyata ta fi tasa ƙishirwa. Ya ɗau sanda. Gorar ya manta da ita.

Ban sake ganinsa ba. Na tambayi masu zuwa daga kudu har na gaji.

Yanzu kowace damina motoci na jiƙa mini ƙasar gareji. Gwiwata ta lalace, amma har yau sai na tsuguna na duba.