Wanda Ya Taɓa Mana Sakit

A shekararmu ta ƙarshe a makaranta aka haɗa ni aikin kammalawa da wata mata 'yar Agwada. Ta girme ni sosai, ma'aikaciyar gwamnati ce da ta dawo ƙaro karatu, don haka Anti nake ce mata. Aikin namu na'ura ce da za ta karɓi wutar batir, volt goma sha biyu, ta sauke ta zuwa biyar don cajin waya. Irin wadda wani ɗan makunni da ake kira transisto ke ta kunna wutar yana kashewa da sauri, kwayil da kafasita, masu ɗan riƙe wuta, su daidaita abin da ya fito. Malaminmu ya ce ba za mu sayi ko waya ɗaya ba sai sakit ɗin, wato tsarin haɗin wutar, ya yi aiki a manhajar gwaji cikin kwamfuta.

Ya kuwa yi. Na gani da idona a barandar gidan da nake haya a Angwan Iya: layin da ke nuna ƙarfin wutar a fuskar laftof ya hau, ya ɗan yi rawa, ya kwanta a kan biyar. Anti har da tafi.

Ran Litinin muka buɗe don mu nuna wa malam, sai layin ya maƙale a kusan volt ɗaya. Malam ya leƙa, ya ce mu dawo idan mun shirya.

"Ƙanena, me ka taɓa?" in ji Anti da muka fito.

"Ni? Ai laftof ɗin a hannunki ya yi ƙarshen mako, Anti."

Sai ta ce wani ɗan ajinmu ya are shi ranar Asabar, wai nasa ya ƙi tashi. Shi ma irin aikinmu yake yi, ƙarƙashin malami ɗaya, kuma kowa ya san nasa bai je ko'ina ba.

Raina bai kwanta da kowa ba. Har ita. Na san tana son mu sauya zuwa wani zane mai sauƙi, ta sha faɗa.

Muka zauna a ƙarƙashin mangwaron bayan ɗakin gwaji muka fara bi ɗaya bayan ɗaya. Na duba bugun da ke kunna transisto, yana nan, sai dai ya tsuke ƙwarai. Na juya dayod, mai hana wuta komawa baya, abin ya ƙara lalacewa, na mayar. Na ƙara girman kwayil, na rage, na sa manhajar ta riƙa lissafi a hankali. Layin bai motsa ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda yake kwance lafiya lau, ba rawa ba tsalle. Sakit ɗin da ya lalace ba ya natsuwa haka. Wannan kamar an ce masa ne ya tsaya a nan, shi kuma ya bi umarni.

Muna cikin haka ɗan ajin namu ya zo wucewa, yana cin gyaɗa. Ya tsaya a bayanmu.

"Har yanzu? Ku duba rizisto ɗin da ke mayar da wuta baya mana."

Ya wuce abinsa. Ni da Anti muka kalli juna. Ba mu gaya wa kowa inda matsalar take ba, mu kanmu ba mu sani ba.

Na buɗe rizisto ɗin. Shi ne ke sanar da sakit yawan wutar da ta fito, don ya san ko ya ƙara ko ya rage. Da hannuna na rubuta masa 1Meg, wato miliyan ɗaya. Yanzu 1M ne a wurin. A idon mutum duk ɗaya ne, amma manhajar tana karanta M ita kaɗai a matsayin ɗaya cikin dubu. Rizisto ɗin ya zama kamar wayar banza. Na mayar da haruffa biyun, na danna, layin ya hau kan biyar.

Anti ba ta yi tafi ba. Ta miƙe ta bi ɗan ajin namu har bakin titi, ina biye da ita.

"Malam, yaya aka yi ka san wurin?"

Ya yi dariya. Ya ce shi ma abin ya taɓa cinye masa mako guda, duk mai irin wannan aiki nan yake faɗawa. Ya rantse buɗe fayil ɗin kawai ya yi don ya ga yadda muka jera kayan.

"Ka buɗe ke nan," in ji Anti.

"Buɗewa ai ba taɓawa ba ne, Madam."

Zai iya zama gaskiya. Wanda ya san tarkon shi zai fi saurin gane shi, shi kuma zai fi iya ɗana shi. Zai iya yiwuwa ma gyara ya so yi, ya ga kamar mun yi kuskuren rubutu.

Daga ranar muka sa wa laftof ɗin lambar sirri, muka ajiye kwafi a wayoyinmu biyu. Mun haɗa na'urar ta gaske a kan allon haɗa kayan wuta, ta yi caji, mun wuce. Shi ma ya wuce. Ranar da ya kare aikinsa a gaban malamai na zauna a layin gaba ina kallon zanensa. Jerin kayansa ya yi kama da namu matuƙa, amma irin wannan sakit ɗin duk kama suke yi da juna.