Gwaggo Hamsatu da Maganin Baya

Gwaggo Hamsatu ta Sabiyal ta fi shekara talatin tana ware albasa. Da ta taɓa ƙwaya ɗaya ta san ko za ta jure ajiya ko za ta ruɓe. Da wannan sana'a ta raini ɗanta Waliyyu bayan rasuwar mahaifinsa. Ita ta ba ni labarin nan.

Waliyyu ɗan dako ne a kasuwar albasa ta Aliero. Yana da shekara ashirin da biyu ya fara kukan ciwon baya. Wata ranar kasuwa Gwaggo ta tsaya wurin wani mai tebur, Labbo, ta yi masa bayani. Ya miƙo mata wasu ƙananan ledoji masu hoton saiwa da ganye, ya ce maganin baya ne, duk 'yan dako shi suke sha. Rubutun boko ne a jiki, ita kuwa ba ta karanta boko. Ta ɗanɗana, ta ji ɗaci da zafi, ta ce lallai wannan magani ne.

Shekara biyu, kowace safiya bayan koko, ita da hannunta take miƙa masa leda biyu, har da addu'a.

Sai idanunsa suka yi ɗorawa. Aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙa masa sassaƙe. Da ciki ya kumbura ƙafafu suka bi, ta ɗauki mota ta kai shi asibiti a Jega. Bayan gwaji, wata malamar jinya mai suna Salomi ta ce hantarsa ta taɓu, ta tambaya a hankali ko yana shan giya.

"Giya? A gidanmu?" in ji Gwaggo. "Ke ɗiya, iya bakinki! Yaron da ko sigari bai taɓa riƙewa ba? Ga abin da shika sha, shi ɗai!"

Ta kwance bakin zane ta jefa ledar a kan tebur. Salomi ta duba, ta juya bayan ledar ta karanta, ta ce, "Inna, ki yi haƙuri. Wannan ɗin ita ce."

Gwaggo ta dubi Waliyyu, ya kau da kai. Ashe ya daɗe da sani. Biyu daga hannun uwarsa, takwas ko goma a gindin motar albasa tare da abokai, ya kasa bari, ya kuma kasa faɗa.

Ranar kasuwa ta gaba ba ta taɓa albasa ba, teburin Labbo ta nufa.

"Labbo, ka san mi ke cikin ledar ga?"

"Gwaggo, ni kaya nika saidawa. Ba ni nay yi ba."

"Ɗanka Anas shina sha?"

Labbo ya hau jera ledojinsa. Wani direba daga gefe ya ce, "Anas? Ai ko ruwan rijiya sai Labbo ya tace mai!" Aka yi dariya, ban da Gwaggo. Ta kife teburin, ta bi ledojin da ƙafa tana fashewa, tana kiran matan kasuwa su zo su shinshina. Huɗu daga cikinsu suka ce su ma suna saya wa 'ya'yansu.

Likita ya ce in Waliyyu ya sake sha, ba zai kai baɗi ba. Gwaggo ba ta yarda da rantsuwarsa ba. Ta shimfiɗa masa buhu kusa da ita cikin mata masu ware albasa, inda idonta yake kansa. Makonnin farko hannunsa rawa yake yi, yana gumi yana zage-zage. Wata takwas ke nan bai sha ba, kumburin ya sauka, amma ba zai sake ɗaukar buhu ba har abada. Labbo kuwa an ce ya mai da teburinsa wajen Mungadi. Gwaggo tana ta tambayar ranar da kasuwar can take ci.