Bayan Mai Fatsa

Kukan zaren ne ya canja. Kullum yakan wuce ta saman kaina yana fito, ranar sai na ji tas, kamar an ɗalle ni a ido. Ban ji zafi ba tukuna. Sai da tsohon ya waiwayo ya saki sandarsa cikin ruwa na san akwai matsala.

Maƙwabcinmu ne a Panyu ta ƙasar China, ɗan ƙasar ne, ya kai saba'in. A ƙarshen shekarun casa'in ne, watan Maris, yayyafi kullum, bangon ɗaki yana gumi. Maigidana yakan tafi kasuwar Baima sayen kaya tun safe, ni kuwa in wuni ban buɗe baki da kowa ba. Shi ya sa nake bin tsohon bakin rafi in zai je fatsa. Ba ya sa tana. Gashin kaza yake ɗaura wa ƙugiya ta zama kamar ƙwaro, ya kaɗa zaren baya, ya kaɗo shi gaba, ya ajiye a kan ruwa. Maigidana har tsiya yake mini: "Ke da kifin cikin miya ma yake gagararki?"

Sau nawa tsohon ya yi mini nuni in koma gefensa. Ni kuwa a gidanmu ba a jerawa da babba, baya ake tsayawa, kai a sunkuye. Na ɗauka kara yake mini. Ashe bayan mai irin wannan fatsa nan ne hanyar ƙugiya.

Ta shige fatar idona na hagu, gashin yana lilo a kan kumatuna, jini ya rufe komai. Na kai hannu zan fizge, ya damƙe ni da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba. Ƙugiyar tana da kunne irin na kibiya. Ya datse zaren da haƙori, ya tare mai babur.

A asibiti suna ta magana a kaina, ko kalma ɗaya ban gane ba. Ina ta cewa, "Idona, don Allah idona," da Hausa, wa zai ji? Na tuna Innata a Kano, wadda ba ta ma san akwai rafi a garin nan ba. Tsohon yana tsaye jikin ƙofa, wandonsa yana ɗiga.

Likitar mace ce. Ta yi allura, ta tura ƙugiyar gaba har kunnen ya fito, ta yanke shi. Ta wanke, ta rufe mini ido mai lafiya da tafinta, ta ɗaga yatsu.

Dishi-dishi na gani. Na ɗaga uku.

Ta haska fitila ta daɗe tana dubawa. Wajen la'asar ne ta haɗa ɗan Turancinta ta ce fata ce kawai, ƙwayar idon ba abin da ya taɓa ta.