Tatsuniyar da Na Ƙi Ƙullewa

Jiya jikata Rabi ta dawo daga lakwal, makarantar boko, da kaye, littafin rubutunta, a hannu, baki a zumɓure. Wai mushensu, wato malaminsu, ya ce su yi "rezime": labarin shafi uku a mai da shi layi biyar. Na ce, "Amarya, kin zo wurin gwani." Ta ce, "Kai da gaisuwa ma sai ka cinye la'asar?" Ba ta yi ƙarya ba. Ni lakwal wata huɗu na yi, na bar musu kayansu.

Amma abin nan tun muna yara Kaka ta koya mana shi, sai dai ita ƙulli take ce masa. Lokacin sanyi, in an idar da magariba, mukan kewaye kaskon garwashi a gidanmu na tsohon gari. In ta gama tatsuniya ba ta sallamar kowa. Sai ta kama bakin zanenta ta ce, "Wa zai ƙulle mini? Numfashi ɗaya. Wane ne, me ya same shi, ina ya ƙare."

Wadda ta fi so ita ce ta matar Dabaga, wani gari kusa da mu. Ɗanta ya bi ayarin gishiri zuwa Bilma, ta ajiye masa rumman guda. Duk shekara in ya bushe sai ta sake wani, har idonta ya mutu. Wata rana baƙo ya sauka, ta miƙa masa rumman ɗin. Ta ji ya fasa shi da haƙori kamar yadda yake yi tun yana ƙarami, ta gane ɗanta ne.

In aka zo kaina sai in raɗa wa kowane raƙumi suna, in jefo kura, in aurar da madugu. Kaka ta ja kunnena. "Maigida, gishiri na aike ka, ka kwaso mini rairayin hanya. Zubar!"

Sai da na yi gemu na san ɗan Kaka na fari haka ya bi ayari, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Ranar da ciwo ya ci ƙarfinta, da hantsi, ta sa aka kira ni. Ta kama hannuna, muryar da ƙyar. "Maigida, matar Dabagan nan... ƙarshen ya ɓace mini. Ya dawo kuwa? Ƙulle mini."

Na san ƙullin sarai: ya tafi, ta jira, ya dawo. Amma raina ya ba ni in na ƙulle za ta tafi. Sai na koma tun farko. Na ɗaura wa raƙuma kaya ɗaya bayan ɗaya, na tsaya a kowace rijiya. Wayo nake yi, wai zan riƙe ta. Ayarin bai ma baro Bilma ba hannunta ya sake ni.

Kalma biyu ta roƙe ni: ya dawo. Ni mai surutun unguwa, na hana ta.

Na ce wa Rabi, "Karanto labarin. Ki nemo abin da mai saurare ke jira, ki ba shi tun yana ji." Ta karanta, ta ɗago kai. "Tsoho, me ya sami idonka?"

Na ce rairayi ne.