Ƙiftawar Ido a Kakau

Jiya ina gyaran ɗaki na tsinci kaset ɗin Baba, maƙwabcinmu a unguwar Romi, tsohon ma'aikacin masaƙa. Shekarar da soja suka miƙa mulki na raka shi wata gona a Kakau da madubinsa na hangen nesa. Wata uku yana jiran wani dutsen sararin sama ya gifta gaban tauraruwa, ya auna daƙiƙa nawa za ta ɓace.

A kaset ɗin da muka ɗauka a daren nan akwai kukan kwaɗi, sai muryarsa: "Ƙwaro ya faɗa mini ido, ban ga farkon ba."

Sai tawa: "Baba, ka kintata mana. Wa zai sani?"

"Ni."

Bai rubuta komai ba. Allah ya jiƙansa, ya nuna masa abin da ƙiftawar nan ta hana shi gani.