Baba Jijjiga da Bahon Innarmu

A da, kullum da safe za ka gan shi bisa tsohon kekensa, jakar kayan aiki ɗaure a baya. Mai gyaran famfo ne, amma duk unguwa Baba Jijjiga muke ce masa. Dalili kuwa, in ya kafa bahon wanka ya ɗaure shi da bango, sai ya cire takalmi ya shiga ciki da kayansa, ya kama bakin bahon ya yi ta jijjiga. Ƙaton dattijo a baho, ba ruwa ba sabulu! Shi kansa kunyar abin yake ji, sai ya tura ƙofa tukuna, amma bai taɓa fasawa ba.

Yanzu da ciwon baya ya sa shi ajiye aiki, bari ku ji abin da ya yi wa Innarmu.

Wani ne ya fara sa mata baho, ya ajiye shi kawai ya shafe gefe da siminti. Ranar da ta dafa za ta miƙe, ya goce da ita. Mijin ƙanwata kaɗai ke gida, shi ya ɓalle ƙofa ya ɗauko ta. Surukinta fa! Ƙugu ya warke, kunyar ta ƙi warkewa. In ta ji sallamarsa sai ta shige ɗaki. Wanka kuwa sai ɗayanmu na tsaye a kanta, tana kawar da kai tana cewa, "Ni ce yau ake gadi kamar jaririya." Mu ma ƙasa muke kallo.

Muka kira Baba Jijjiga, ya huda bango, ya ɗaure bahon da ƙarafa tamau. Sannan ya tsaya bayan labulen ɗakinta, kai a sunkuye.

"Inna, a gafarce ni. Da wane hannu ake dafawa in za a tashi?"

Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Hagu."

Ya kafa mariƙi a hagu, ya tura ƙofa, muka ji jijjiga. Ya fito yana share gumi. "Ku ce mata ni ma na shiga, kuma na fi ta nauyi."

Baba, kai ne ka haɗiye kunyarka don ka rufa ta wasu. Mun gode, Allah ya ba ka lafiya. Masu kafa baho, don Allah ku riƙa shiga ciki, ko da za a yi muku dariya.

Washegarin gyaran ina tsakar gida da tawul, ina jiran Inna ta kira ni. Ba ta kira ba. Ƙarar sakatar banɗaki kawai na ji, ta ciki.