Farin Bijimin Ƙauyen Bakin Iyaka

Ni mutumin Auyo ne, a fadamar Haɗeja na tashi, cikin shinkafa da shanun huɗa. Karatun aikin gona ya kai ni Beljiyam, aka tura ni wata huɗu wani ɗan ƙauye a bakin iyakar Lukzambag, in koyi aiki a gonar wani dattijo. Coci ɗaya, ofishin magajin gari ɗaya, sai gidajen dutse da makiyaya. Da ni Faransanci mutanen ƙauyen suke yi, in rai ya ɓaci sai su koma yaren Lukzambag, wanda ko zo in kashe ka ba na ji.

Wata safiya ina kwashe kashin shanu na ji dattijon ya kurma ihu. Na fito a guje. Bijiminsa, wani fari mai ƙirji kamar ganga, ya matse shi jikin shingen ƙarfe. Ba shi da ƙaho, da goshi yake niƙa shi. Na ji haƙarƙari yana karyewa kamar an taka busasshen kara. Ya ɗaga shi ya maka shi da ƙasa, ya durƙusa a kansa. Jini na ɓulɓula ta hancin dattijon.

Matarsa ta ƙanƙame ni, Faransanci ya ɓace mata, tana ta yi mini yarensu. Na fizge. Na ɗauki shebur na sheme bijimin a fuska, ya juyo kaina. Karon farko ya cilla ni cikin taɓo, kafaɗata ta goce. Da ya dawo na cusa yatsu cikin zoben hancinsa na murɗe, yadda mahautan garinmu ke kama hancin bijimi. Naman ya fara yagewa, jininsa ya wanke mini fuska. Ya ja ni a ƙasa har bakin kwamin ruwa. Ban saki ba, salati kawai nake.

Maƙwabcinsu ya iso da bindigar farauta.

"Sake shi! Kwanta!" ya daka mini tsawa da Faransanci.

Na sake shi. Harbi biyu ya yi.

Dattijon ya rayu, amma bai ƙara tafiya ba sai da sanda. Da na je duba shi asibiti, ya daɗe yana kallon hannuna a rataye.

"Ɗana," ya ce, "shekara shida da hannuna nake ba shi abinci."

Ya juyar da fuska bango. Kafin in gama wa'adina ya sayar da shanun kaf, ragowar kwanakina a gonar dankalin maƙwabcin nan na yi su.